Rajistar Ɗakin Sanyi

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma kunnen? An ce mini har yanzu na'urar jin da muka kawo miki tana cikin kwalinta a kan tagar kicin, wai tana sa ki jin ƙarar cokali kamar ana rushe gini. Shekara talatin kina nas kina tilasta wa mutane shan magani, yau ga shi an rasa mai tilasta miki. Tunda waya ta gagara tsakaninmu, ni ina ihu ke kina cewa na'am, na koma wa biro da takarda. Dama idanuna sun gaji da allon kwamfuta.

Mu nan lafiya lau, sai gajiyar da ba ta jin barci. Baban yara yana gaishe ki.

Kin sha tambayata wai me nake yi takamaimai a wurin aiki, ni kuma in ce miki kwamfuta in kau da zancen. Yau zan gaya miki, don akwai dalili. Kin tuna babban littafin nan mai baƙin bango na ɗakin marasa lafiya, wanda kike rubuta duk abin da ya faru kafin ki miƙa aiki? To, manhaja ma tana da irinsa. Duk abin da ta yi ko aka yi mata, tana rubutawa a fayil. A wurin aiki log muke ce masa, ni dai rajista nake kiransa. Shekara shida da suka wuce na rubuta ɗan laburare da ke yin wannan aikin. Ba laburaren littattafai ba, tarin umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, sauran manhajojin kamfaninmu su riƙa ara.

Kafin in yi shi, kowa a ofis yana zuba saƙonsa a fayil yadda ya ga dama, kamar rubutun likita, in matsala ta taso sai an yini ana tona. Nawa kuwa ba ya karɓar saƙo sai ya zaunar da shi a layi guda mai gurabe biyar: lamba, lokaci, sashen da ya fito, matsayinsa, sai saƙon kansa. Matsayi uku ne. Akwai bayani, wato abin yau da kullum, akwai gargaɗi, akwai kuskure. Ita lambar ma daga wurinki na sato ta. Ina ƙarama na sha ganinki ranar da aka kawo sabon littafi kin zauna kina sa wa kowane shafi lamba da jan biro, kina cewa don kada wani ya yage ya ce bai gani ba. Ban taɓa tunanin za ta yi amfani ba, na sa ne don ta yi mini kyau.

Dalilin wannan dogon bayani shi ne, cikin masu amfani da manhajarmu akwai wani babban siton magunguna, kuma yana da ɗakin sanyi. In ɗakin ya fara ɗumi, ƙararrawa tana kaɗawa duk bayan minti goma sha biyar, mai kula da wurin ya danna wani jan maɓalli alamar ya ji, ta yi shiru. Ranar Asabar ta makon jiya injin sanyin ya mutu wajen sha ɗaya da rabi na safe, ba a tayar da shi ba sai bayan ƙarfe biyar. Alluran da suka lalace ba sa faɗuwa. An kafa kwamiti, kwamiti ya nemi rajista, Oga ya ce in ciro in tura. Na ciro na tura, ko minti goma ban yi ba. Layi ashirin da uku ne, duka gargaɗi, ƙararrawa ta kaɗa sau ashirin da uku, babu layi ko ɗaya da ya nuna an danna maɓallin.

Na san mai kula da ɗakin. Wani dattijo ne da suke ce wa Baba Ƙanƙara, saboda ko rana na narka kwalta ba ya rabuwa da rigar sanyi. Lokacin da muka je kafa na'urar, ni na koya masa danna maɓallin, ya riƙa danna shi da babban yatsa da ƙarfinsa kamar mai sa hannu a takardar gado. Wata bakwai ya rage ya yi ritaya. Yanzu an dakatar da shi, kuma in kwamiti ya tabbatar da sakaci, korarsa za a yi, shekara ashirin da takwas su tafi a iska, sunansa kuma ya zama na wanda ya yi kunnen uwar shegu da ƙararrawa. Shi ya rantse ya danna. Na ji tausayinsa, amma na ce a raina tsufa ne, fayil ai ba ya ƙarya.

Ki shafa man da likita ya ba ki, kada ki ce ƙafar ta saba. Ki gaida maƙwabciyarki mai karanta miki ƙananan rubutu.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, ciwon ƙafa ya yi sauƙi. Ban jira amsarki ba, don abin da ke cikina ya fi ƙarfin jira.

Ranar Alhamis Baba Ƙanƙara ya zo ofishinmu. Bai nemi Oga ba, ni ya nema, ya ce wa mai gadi yana son ganin yarinyar da ta koya masa maɓalli. Shekarata arba'in da uku, Yaya, amma na ji daɗin yarinyar nan. Na same shi zaune a bencin baranda kusa da tulun ruwan sha, da rigar sanyinsa ruwan toka, gwiwar hannun ta sha ɗinki. Bai yi kuka ba, bai roƙe ni ba. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi maigida da yara, sannan ya ce, "'Yata, ni ban san kan na'urarku ba. Amma yatsan nan ya danna. Sau ɗaya ne ban danna ba, wajen ƙarfe uku, hannuwana biyu na ɗauke da kwali ina kai wa ƙaramin firjin ofis. Haka na gaya wa kwamiti, suka yi ta kallon juna." Ya ce tun tsakar rana yake kiran masu gyara a wayar ofis ba a ɗauka, su kuma sun ce sai da yamma aka neme su. Tunda fayil ya ƙaryata shi a kan maɓalli, wa zai yarda da shi a kan waya?

Na ba shi haƙuri irin na ma'aikata, na ce za mu duba. Ya tafi yana jan ƙafa kamar ke.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan sau ɗayan. Maƙaryaci cewa zai yi duka ya danna. Don haka bayan azahar na buɗe rajistar watan jiya, don in ga yadda amsarsa take fitowa a ranakun da ba a yi rigima ba. Babu. Na koma wata shida baya, babu. Na koma shekara guda, ƙararrawa na kaɗawa jefi-jefi in an bar ƙofa a buɗe, amma babu layi ɗaya na maɓalli. Sai da na kai shekara biyu da 'yan watanni baya na gan su, gargaɗi da amsarsa, gargaɗi da amsarsa, kamar sallama da amsa sallama. Daga wata ranar Laraba suka ɗauke ƙaf.

Duk gyaran da muka yi wa laburare yana da tarihi, da ranar da sunan wanda ya yi. Na buɗe na ranar Larabar nan, ko da yake na riga na sani. Sunana ne. A lokacin ma'ajin kwamfutocin abokan cinikinmu yana cika da fayiloli, ana ta kiran Oga, Oga yana ta tsayawa a kaina. Sai na canza kalma ɗaya tak, na ce daga yau laburare ya daina rubuta saƙon da matsayinsa bayani ne, ya ajiye gargaɗi da kuskure kawai. Fayiloli suka rame, kowa ya yaba mini. Ban tuna cewa danna maɓalli a matsayin bayani muka ajiye shi ba, tunda ba matsala ba ce, mutum ne ya yi aikinsa. A gurbin da ake rubuta dalilin gyara kuwa, abin da na rubuta shi ne an rage surutu. Ko a takardar sanar da abokan ciniki ban sa ba, ranar a gajiye nake, ina sauri in ɗauko yara daga makaranta.

Kin ga abin da na gina ke nan. Rajistar da take rubuta duk lokacin da aka kira mutum, ba ta rubuta lokacin da ya amsa. Da ke ce kika ga nas ta yi wa littafinki haka, na san da sai ta gwammace kiɗa da karatu.

Kwana uku ke nan ban gaya wa kowa ba, sai ke. Jiya na ƙona shinkafa, na zuba wa shayi gishiri, baban yara ya sha, ya dai tambaya ko za mu je asibiti. Ina jin kunya, Yaya, kuma ina jin tsoro, tsoron ma ya fi yawa. Gobe zan sami Oga.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, takardarki ta iso jiya. Layi huɗu kacal, biyu a kan ƙafa, biyu a kaina. Ban san mutum zai iya yin tsawa da biro ba sai a kanki. Kin ce ba ki goya ni a bayanki bayan rasuwar Inna don in girma in bar dattijo ya ɗauki kayana ba. Na ji. Amma bari ki ji nawa.

Na sami Oga ranar Litinin. Ya rufe ƙofa, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido. Ba mugu ba ne, Yaya, shi ma gajiyayye ne, hawan jininsa ya fi naki. Ya ce kwamiti fayil ya nema, mun ba shi fayil, ba mu ƙara ba mu rage ba. Ya ce siton nan shi ne rabin aikinmu, in suka ji cewa shekara biyu rajistarmu tana zubar da abin da aka ce ta riƙe, za su kwashe kwangilar, sauran ma su bi, mu bakwai mu koma gida. Sannan ya kawo hujjarsa ta ƙarshe. Ya ce, "To ki je ki faɗa. Me kika tabbatar? Kin nuna cewa ko ya danna ba za a rubuta ba. Ba ki nuna ya danna ba. Ki kashe mu, shi kuma ba ki cece shi ba. A bar kaza cikin gashinta, ki gyara a hankali, gaba ba za ta sake faruwa ba."

A nan kam yana da gaskiya. Saƙon da laburare ya zubar ya tafi, ba ya cikin kwandon shara balle a tono.

Ranar Laraba aka kira mu zaman kwamiti don mu tabbatar fayil ɗin namu ne. Ɗakin taro ne mai dogon teburi, fanka ɗaya tana juyawa tana ƙara, an jera robobin ruwa ba wanda ya buɗe. Shugabar kwamitin wata mai harhaɗa magunguna ce, mace mai kaifin ido irin naki. Ta tambaye ni ko an taɓa fayil ɗin bayan ranar Asabar. Na ce a'a. Gaskiya ce. Ta tambaya ko lokutan daidai suke. Na ce daidai suke. Wannan ma gaskiya ce. Ba ta yi tambaya ta uku ba, ni kuma ban taimaka mata ba. Baba Ƙanƙara yana can ƙarshen teburi, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Da muka tashi har ya ce mini sannu da ƙoƙari.

Ban taɓa yin ƙarya mai tsabta irin wannan ba, babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta. Na dawo ofis na zauna gaban allo har aka tashi, ban rubuta layi ɗaya ba. Dogo, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya ce ko kwamfutar ce ta mutu ko ni.

Za su yanke hukunci ranar Alhamis mai zuwa. Gaba kura baya sayaki, in na yi magana na jawo wa mutum shida da ba su ji ba su gani ba, in na yi shiru na san wanda zai biya. Kada ki sake yi mini tsawa, wadda nake yi wa kaina ta isa. Na gaji da aikin nan, Yaya. Shekara shida ina lallaɓa abin da ba wanda yake tunawa da shi sai ranar da ake neman wanda za a ɗora wa laifi.

Ki huta lafiya. Yara sun ce ki aiko musu da hoton kyanwarki.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Litinin

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Wannan gajera ce, a hutun cin abincin rana nake rubutawa, Dogo zai jefa mini ita a gidan waya.

Jiya da hantsi ina wanki, ina ta juya maganarki ta ƙarshe a takardarki ta biyu da ta iso ranar Asabar, inda kika ce a zamaninku ko an yage shafi, lamba tana tona asiri. Na san gori kike yi mini. Amma na tsaya da kumfa a hannu, na bar kayan a baho, na buɗe kwamfuta.

Laburaren nan yana ba kowane saƙo lambarsa tun a bakin ƙofa, kafin ya duba matsayinsa ya yanke ko zai rubuta ko zai zubar. Haka na gina shi tun farko, kuma ranar da na rage surutu ban taɓa wannan ba. Sashen ƙararrawa yana da fayil ɗinsa da lissafinsa shi kaɗai, kuma abu biyu ne kawai suke magana a cikinsa, kaɗawar ƙararrawa da danna maɓalli. Sau nawa na kalli layukan nan ashirin da uku, ina karanta lokaci, ina karanta saƙo, ban taɓa kallon gurbin farko ba. Wa yake karanta lambar shafi?

Yaya, lambobin tsalle suke yi. 801, sai 803, sai 805. Bayan kowace ƙararrawa akwai lamba ɗaya da aka bayar ba a rubuta ba. Na bi su da yatsa a kan allo kamar mai koyon karatu, har na zo kan ta goma sha huɗu, ƙarfe uku saura kwata. 827, sai 828. Babu tsalle. Daga nan suka ci gaba da tsallensu har ƙarshe. Sau ɗaya, daidai inda ya ce yana ɗauke da kwali.

Don kada zuciya ta ruɗe ni, na nemo wata rana a bara da aka yi feshin maganin ƙwari aka kulle siton babu kowa ciki. Ƙararrawa ta kaɗa sau huɗu, lambobin a jere, ba giɓi.

Na zauna a ƙasan ɗaki na yi kuka, rabi don murna, rabi don yanzu ba ni da sauran mafaka. Da can ina cewa maganata ba za ta cece shi ba. Yanzu za ta cece shi, saura ni.

Da safen nan na nuna wa Oga. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce shi ba zai hana ni ba kuma ba zai raka ni ba. Baban yara ya ce in je, in an kore ni ya samu mai gyara masa wayarsa kyauta.

Sai na sake rubutowa.

Auta

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata, uwata ta biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ƙafa ta lafa, kyanwa ta daina hawa gadonki. Ki yi haƙuri da jinkiri, mako biyu na yi hannuna ba ya son biro.

Na je ranar Alhamis ɗin. Na nemi izini kafin su karanta hukunci, na ce akwai tambayar da ba a yi mini ba, ina so in amsa ta. Na faɗi abin da na canza da ranar da na canza shi, da abin da na rubuta a matsayin dalili. Da na furta an rage surutu, ɗakin ya yi tsit, sai fankar nan. Sannan na raba musu takardar lambobin. Shugabar ba ta yarda da baki ba, kuma na ji daɗin haka. Ta sa muka ɗunguma zuwa ɗakin sanyi, aka bar ƙofa a buɗe har ƙararrawa ta kaɗa. Ta hana kowa taɓawa, ta jira ta biyu, lambobi suka fito a jere. A ta biyun ta danna da yatsanta, ta uku ta fito da tsalle. Ta ɗauko bayanin da Baba ya bayar tun ranar farko, ta karanta wurin kwali da ƙarfe uku, ta kalli takardata, ta rufe fayil ɗinta. Ta tambaye ni me ya sa na sa lamba tun farko. Na ce yayata nas ce, na ba su labarin jan bironki. Sai ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, da na koyi sauran halin yayar tawa da ban bari aka kai makon nan ba. Na haɗiye, don na ci a faɗa mini.

An wanke shi. An mayar da shi aiki, kwamiti ya juya kan maganar waya da masu gyara. Mu kuma an ba mu wata uku a ga kamun ludayinmu kafin a yanke maganar kwangila, ba mu san inda za ta faɗi ba. Oga bai kore ni ba. Ya karɓe laburaren ya ba Dogo, ni ya mayar da ni teburin amsa koken abokan ciniki. Shekara shida ina renon abu, yanzu sai dai in ji ana taɓa shi daga teburin gaba. Biyu daga cikin abokan aiki sun rage gaisuwa, ban ga laifinsu ba, su ma suna da yara. Aikina na ƙarshe a kansa shi ne na mayar da kalmar nan yadda take, na kuma sa duk abin da hannun mutum ya yi a riƙa rubuta shi, ko ma'aji zai fashe. A gurbin dalili na cika layi goma sha ɗaya.

Na zaci in an gama zan ji sakayau. Ban ji ba, gajiyar ce dai ta canza wurin zama.

Shekaranjiya aka aike ni siton in kai sabuwar takardar bayani. Na tarar da Baba Ƙanƙara a kujerarsa bakin ɗakin sanyi, da rigar nan tasa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, wanda ya kamata in bayar tun a bencin baranda. Ya ce in tashi, ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya ce, "Ashe shekara biyu ina danna shi, ba mai ji." Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai lissafi da kansa. Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Yanzu fa, yana ji?" Na ce yana ji, na gyara da hannuna.

Ya gyaɗa kai. Muna nan zaune wani ya fito da kaya ya bar ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa. Ya tashi ya danna da babban yatsan nan, ya rufe ƙofar. Sannan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun rigar sanyi, irin na 'yan makaranta, ya duba agogonsa, ya rubuta lokaci, ya sa hannu. Na ga saman shafin, ya sa masa lamba da jan biro. Ya lura ina kallo, sai ya ce, "Ba don ban yarda da ke ba ne, 'yata." Na ce na sani, Baba. Mu biyun mun san don me ne.

Wannan littafin ya fi maganar shugabar kwamiti yi mini ciwo. Mutumin da ya yarda da na'urata fiye da yadda na yarda da ita, zai ƙarasa wata shidansa yana rubuta wa kansa shaida. Ban ce ya daina ba, ba ni da bakin faɗa.

Ya ce in gaida yayar nan tawa mai jan biro, ya ce a wurinki ya koya. Ga saƙo na isar.

Ki daure ki sa na'urar kunnen ko na awa ɗaya a rana, ina so in ji muryarki ba da ihu ba. Zan zo ƙarshen wata in Allah ya yarda, teburin koke ba ya hana hutu. Ki duba saman takardar nan, na sa mata lamba biyar, kuma haka zan riƙa yi daga yau. In wata rana kika ga lamba ta yi tsalle, ki sani na rubuto, a hanya ta ɓace.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke.

Ƙanwarki har kullum,
Auta